Sikanin Ƙasan Mara: Yadda Ake Duba Zazzagowar Mahaifa da Ɗigar Fitsari da Na'urar Awon Ciki

Matar da ta yi haihuwa takwas ko tara ba kasafai take buɗe baki ta ce mahaifarta ta sauko ba. Cewa za ta yi tana jin nauyi a ƙasa, ko wani abu na tokare ta idan ta daɗe a tsaye, ko kuma alwalarta ba ta zama, da ta yi tari ko ta ɗaga bokitin ruwa sai fitsari ya ɗigo. Wata sai an daɗe ana jan ta da hira kafin ta sunkuyar da kai ta ce iska na kuɓuce mata. Duk waɗannan koke-koke tushensu ɗaya: tsokoki da jijiyoyin da suka shimfiɗu a ƙasan ƙugu kamar daɓe, suke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, sun saki ko sun yage. Doguwar naƙuda, haihuwa kusa-kusa, jawo jariri da ƙarfe, daka da ɗaukar kaya, tari mai naci da taurin bayan gida, su ne ke cinye wannan daɓe.

Na'urar da ake duba juna biyu da ita a asibitocin Sakkwato, daga birni har Gwadabawa da Tambuwal, ta isa ta nuna mafi yawan wannan matsala. Kan na'ura mai lanƙwasa na duba ciki, mai ƙarfin megahaz 3.5 zuwa 6, shi ne ake ɗorawa a waje, a kan gaban mace, ba tare da an shigar da komai ciki ba. Farfesa Hans Peter Dietz na birnin Sidni a Ostireliya ne ya fi kowa yaɗa wannan hanya, kuma yawancin alƙaluman da za a kawo a nan daga aikinsa da na abokan aikinsa suka fito. Wannan jagora ta ungozoma ce da nas da likita da mai ɗaukar hoto da suka riga suka saba da na'urar.

Abu ɗaya za a riƙe tun daga farko: hoton da aka ɗauka mace na kwance shiru kusan bai faɗi komai ba. Sai ta yunƙura gaskiya take fitowa.

Kafin a taɓa na'ura

A fara da tambaya da duba da hannu. Haihuwa nawa, wacce ta fi wuya, kwana nawa ta yi tana naƙuda, an yi mata ƙari ko ta ƙaru da kanta, an taɓa yi mata yankan gishiri, tana cusa wani haɗi a gabanta. Tambayar ƙarshe a yi ta a hankali, ba da sigar tuhuma ba, domin kayan mata abu ne da aka saba da shi a ƙasar nan, kuma wasu na matsi suna barin tabo ko ƙumburi da zai rikita hoto. A tambaya ko tana da ciki. Idan akwai ɗanyen ɗinki ko gyambo a wurin, a ɗage aikin.

Sai ta je ta yi fitsari, ta dawo nan take. Wannan kishiyar abin da aka saba ne, don mata sun san idan za a yi sikanin ana cewa a sha ruwa a riƙe fitsari, saboda haka a faɗa mata tun a layi. Cikakkiyar mafitsara tana tokare mahaifa ta hana ta saukowa, haka ma dubura mai cike da bayan gida. Idan ta kwana biyu ba ta zaga ba, gara a ba ta abin sassauta ciki ta dawo gobe. Mai zoben tallafe mahaifa a cire mata shi tukuna.

Batun kunya ba ƙaramin abu ba ne, kuma kai tsaye yake shafar sakamako. Macen da ke ɗari-ɗari matse jikinta take yi, matsewar kuwa tana ɓoye zazzagowa. In da hali mace ta yi aikin. In namiji ne, lallai wata ma'aikaciya ta tsaya a gefe. A rufe ƙofa, a kawar da masu leƙe, a bar mata zanenta a kan gwiwoyi. A yi mata bayani a fili: "Inna, wannan abu a waje zai tsaya, ba zai shiga ciki ba. Zan ce ki yi nishi sau uku ko huɗu. In fitsari ko iska ya fita kada ki damu, shi muke son gani." Wadda Hausarta ba ta nuna ba, Bafulatana ko Bazabarma, a nemo mata tafinta mace, domin aikin gaba ɗaya ya rataya ne a kan ta fahimci umarni.

Ta kwanta rigingine, ta lanƙwashe gwiwoyi, ta jawo dugadugai kusa da mazaunai, ta ɗan buɗe cinyoyi. A sa matashi a ƙarƙashin kanta.

A zuba jel a fuskar kan na'ura, a sa masa safar hannu wadda ba ta da hoda, a ja ta ta ɗame, a bi da yatsa a kore duk wata kumfar iska, sannan a ƙara jel da yawa a waje. Hoda tana dusar da hoto, kumfar iska kuma tana jefa baƙar inuwa tun daga sama har ƙasan allo. Idan jel ya ƙare kada a maye gurbinsa da man kaɗanya ko man gyaɗa ko basilin: mai yana cin robar safar, yana kuma lalata fatar kan na'ura. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, jel yana tsinkewa ya zama ruwa-ruwa ya zube kafin a fara, don haka a ajiye shi a wuri mai sanyi.

Samo hoton tsakiya

A buɗe leɓɓan gaba da yatsu biyu, a ɗora kan na'ura a tsaye, tsawonsa ya bi layin daga ƙashin mara zuwa dubura. Rashin buɗe leɓɓan shi ne kuskuren da aka fi yi, don iskar da ta maƙale tsakaninsu da cikin gashi tana rufe komai. A danna da ɗan ƙarfi har mahaɗar ƙashin mara ta bayyana ƙasa da santimita 1 daga fuskar na'ura. Zurfin hoto ya zama kamar santimita 7 zuwa 9, a buɗe faɗinsa iyakar yadda na'urar ta yarda.

Daga hagu zuwa dama za a ga mahaɗar ƙashin mara, mai siffar ƙwai, toka-toka, sai hanyar fitsari da wuyan mafitsara, sai farji, sai mashigar dubura da ƙarshen hanji, a can bayansu kuma wani farin dunƙule mai haske, wato tsokar lebeta, wadda ta zagayo bayan dubura kamar majanyi. Idan ƙashin ya fito a dama, a juya kan na'urar. Idan ƙashin ya yi baƙar inuwa mai kauri, an kauce daga tsakiya an hau reshen ƙashi, a ɗan gusa har siffar ƙwan ta dawo.

Abubuwa biyu suna ruɗa sabon hannu. Na farko, tunda na'urar a saman allo take, duk abin da ya sauko a jikin mace haurawa yake yi sama a allo. Na biyu, hanyar fitsari tana fitowa baƙa kamar bututu mai ruwa, sai a zaci a buɗe take. Ba a buɗe take ba, zarenta ne ya kwanta daidai da hanyar sautin na'ura, shi ya sa bai mayar da haske ba.

Kafin komai a auna ragowar fitsari. A wannan hoton, a ɗauki tsawon mafitsara mafi girma da zurfinta, su gitta juna, a santimita, a ninka su, a sake ninkawa da 5.6. Misali 4 sau 3 sau 5.6 ya ba da kusan mililita 67. Wanda ya fi sabawa da aunawa ta saman ciki ya ninka tsawo da faɗi da zurfi, sannan da 0.52. Ragowar da ta wuce mililita 100 a sake aunawa bayan ta ƙara zagawa, in ta nace a rubuta. A yi awon cikin 'yan mintuna da yin fitsarin, in ba haka ba ƙoda ta riga ta ƙaro sabo.

Ana kuma auna kaurin bangon mafitsara idan abin da ke ciki bai kai mililita 50 ba. Littattafai suna danganta kaurin da ya wuce milimita 5 da mafitsara mai yawan matsawa da kanta. A nan yankin a yi hattara da wannan adadi. Macen da ta tashi a bakin gulbin Rima ko kusa da madatsar Goronyo tana iya kasancewa da tsargiya, wadda ke kumbura bangon mafitsara ya yi tudu-tudu. A tambaye ta ko ta taɓa fitsarin jini, a tura fitsarinta ɗakin gwaji kafin a ɗora laifi a kan wani abu. Farin abu mai inuwa a bayansa, wanda ke gangarawa idan ta juya, tsakuwa ce.

Yunƙuri

A nan aikin yake. A ja layi a kwance daga ƙarshen ƙasa na bayan mahaɗar ƙashin mara, ya ratsa allo. Duk awo daga wannan layi ake yin sa: abin da ke ɓangaren kan mace yana sama da layi, abin da ya tsallako ɓangaren na'ura ya sauka ƙasa da layi. A auna nisan wuyan mafitsara daga layin tana hutawa, a ajiye hoton.

Sai a ce, "Ja numfashi ki riƙe, ki yi nishi ƙasa kamar kan ɗa ya taho." Matar da ta haihu ta san wannan magana fiye da kowane bayani. Yunƙurin ya kai aƙalla daƙiƙa 6, a riƙa ƙirgawa da ƙarfi tana ji, domin gaɓoɓin ba sa kaiwa iyakar saukarsu a daƙiƙa biyu ko uku na farko. A maimaita sau uku, a ɗauki wanda ya fi nisa. Da ta saki sai a tsayar da hoto, a koma baya a bidiyon da na'ura ta riƙe har a samo inda saukowar ta kai matuƙa.

Hannun mai aiki yana iya ɓata komai. Idan aka ci gaba da dannawa da ƙarfi lokacin yunƙuri, na'urar ta zama marfi, ta tare abin da ke son fitowa. A sassauta hannu a bar jikin ya turo na'urar baya, amma kada ƙashin mara ya ɓace daga allo, kada kuma a karkata kan na'urar, don karkatawa tana sauya layin awon.

Matsala ta biyu daga wajenta take. Mata da yawa, musamman masu ƙarancin shekaru da masu tsoron kada wani abu ya kuɓuce, suna yunƙurawa suna kuma matsewa a lokaci guda. Ana gane haka a allo: farin dunƙulen lebeta yana matsowa wajen ƙashin mara maimakon ya ja baya. Maganinsa a juyo mata allon ta gani da idonta. A nuna mata dunƙulen da yatsa, a ce, "Kin ga wannan farin? So nake ki ture shi can." Sau da yawa a karo na biyu ko na uku sai ka ga mafitsarar da ta yi kamar lafiya lau ta gangaro. In duk da haka bai yiwu ba, alhali ita ta ce abu na fito mata, a duba ta a tsaye, ƙafa ɗaya a kan ɗan benci.

Ga yadda ake karanta abin da aka gani. Wuyan mafitsara: a haɗa nisan da ya yi tafiya. Idan yana milimita 28 sama da layi tana hutawa, ya koma milimita 4 ƙasa da layi, ya sauko milimita 32. Abin da ya wuce 25 ana ɗaukarsa sakin da ya wuce kima, kuma ya kan tafi tare da ɗigar fitsari lokacin tari. A kula ko bakin hanyar fitsari na ciki yana buɗewa kamar mazurari. A kuma dubi kusurwar da ke tsakanin hanyar fitsari da bayan mafitsara, wadda a lafiyayyiya take tsakanin digiri 90 da 120. Idan mafitsara ta sauko kusurwar ta buɗe ta kai 140 ko fiye, mai ɗigar fitsari ce galibi. Idan kuwa ta sauko sosai amma kusurwar ba ta buɗe ba, hanyar fitsarin lanƙwashewa take yi kamar tiyon da aka taka. Irin wannan mace ba ta ɗiga, wahalar fitar da fitsari take yi, wata har sai ta tura abin da yatsa. Wannan bambanci ya kamata likitan tiyata ya san shi, domin da zarar an ɗaga mafitsarar tiyon ya miƙe, ɗigar da ke ɓoye tana iya bayyana, kuma ya fi kyau a gaya mata tun kafin aiki.

Zazzagowar da ta isa ta dami mace tana farawa ne idan mafitsara ta kai milimita 10 ƙasa da layi, ko ƙarshen hanji ya kai milimita 15 ƙasa da layi. Mahaifa kuwa ba sai ta tsallaka ba: bakinta in ya sauko ya rage milimita 15 ko ƙasa da haka ya taɓa layin, ya isa a rubuta. Bakin mahaifa yana da wuyar gani don launinsa ɗaya da na farji, sai a bi shi a bidiyo lokacin da yake motsi.

Ɓangaren baya shi ne inda na'ura ta fi hannu amfani. Kumburin da ake gani a bangon baya na farji kamanninsa ɗaya a ido, amma abubuwa dabam-dabam ne ke kawo shi. Idan bangon gaba na ƙarshen hanji ya yi aljihu ya kutso cikin farji, zurfinsa ya kai milimita 10, cike da farin bayan gida, yagewar shamakin da ke tsakaninsu ce. Idan abin da ya sauko tsakanin farji da dubura yana motsi irin na hanji, ƙananan hanji ne suka zubo. Idan kuma bangon hanjin ya naɗe ya shige cikin mashigar dubura ya buɗa ta, wannan aikin likitan hanji ne. Gyaran kowanne dabam.

Daga nan a ce ta matse, kamar mai riƙe iska a cikin mutane. Wuyan mafitsara ya kamata ya ja ciki ya nufi ƙashin mara, tazarar da ke tsakanin ƙashin da lebeta ta ragu. Wadda ta yunƙura maimakon matsewa, a koya mata a nan take da allon. Minti biyar na wannan ya fi a sallame ta da cewa ta je ta riƙa atisayen Kegel, wato na matse tsokar ƙasan ƙugu, alhali ba ta san wace tsoka ake nufi ba.

Tsokar lebeta da zoben dubura

Ƙofar da lebeta ta kewaye, wadda hanyar fitsari da farji da dubura suka ratsa, ita ce mafi girman kafar da kayan ciki za su iya zubowa ta cikinta. Da na'ura ta yau da kullum ana auna tsawonta daga ƙashin mara zuwa lebeta lokacin yunƙuri, kuma abin da ya wuce santimita 6 alamar buɗewa ce. Na'ura mai hoto uku-uku (3D) tana ba da faɗin filin gaba ɗaya: sama da murabba'in santimita 25 ya buɗe, 40 kuwa ya yi tsanani.

Tsokar tana iya ɓallewa ɗungurum daga jikin ƙashi lokacin da kan jariri ke fitowa, musamman a haihuwar fari da haihuwar ƙarfe. Mai irin wannan rauni ta fi fuskantar dawowar zazzagowa bayan tiyata. Tabbatar da shi aikin na'ura mai hoto uku-uku ne, inda ake yanka hoton falle-falle da tazarar milimita 2.5 tana matse, a ce ta ɓalle gaba ɗaya idan falle uku na tsakiya duk sun nuna rabuwa. Inda babu irin wannan na'ura, yatsa yana aiki: a sa shi a gefen hanyar fitsari ta matse, in an ji ƙashi tsirara babu tsokar da ta taso, a yi zargi a tura ta gaba. Kada a yanke wannan hukunci a kan mai jego. Ko ta yi arba'in, kumburi da taruwar jini suna iya kama da ɓallewa, a jira wata uku.

Don duba zoben dubura, a juya kan na'ura ya kwanta a gicciye a ƙasan farji, a karkata shi ya kalli dubura, a rage zurfi zuwa santimita 4 ko 5, a ƙara jel. Za a ga tauraro a tsakiya, baƙin zobe ya kewaye shi, farin zobe kuma ya kewaye baƙin. Baƙin shi ne zoben ciki, farin na waje. A ɗauke shi kamar fuskar agogo, ƙarfe 12 na ɓangaren farji. Yagewar haihuwa kusan kullum tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2 take, kuma giɓin da ya kai digiri 30, wato awa ɗaya a agogon, shi ake ƙirgawa. Zoben ciki idan ya tsinke yana tattarewa ya yi kauri a ɗaya gefen kamar jinjirin wata. A bi mashigar daga sama har ƙasa kafin a yi magana, domin a jikin mace farin zoben dama gajere ne ta gaba a can sama, kuma da yawa sun kira wannan yagewa alhali halitta ce.

Inda na'urar ba ta isa ba

Macen da fitsari ke zubo mata dare da rana tun bayan doguwar naƙuda, ba sikanin za a fara yi mata ba. Yoyon fitsari da ido da shuɗin ruwa ake gano shi: a sa robar fitsari, a zuba ruwan da aka rina da shuɗin metilin a mafitsara, a duba ta inda ya ɓullo. Idan audugar da aka sa a farji ta jiƙe amma ba ta yi shuɗi ba, a zargi bututun da ya taho daga ƙoda, kuma a nan ne na'ura take taimakawa, don sau da yawa ƙodar wannan gefen tana kumbura. Tana kuma nuna tsakuwa a mafitsara, wadda ke yawan samun masu yoyo saboda rage shan ruwa da suke yi. Ga wadda aka ɗinke amma ɗiga bai tsaya ba, a auna tsawon hanyar fitsari, wadda a lafiyayyiya take kai santimita 3 zuwa 4, a kuma duba ko mafitsarar ta ƙanƙance. Tabo yana dusar da hoto, kada a ƙirƙiri abin da ba a gani ba. Irin waɗannan mata a tura su sashen yoyon fitsari na Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, masu zazzagowa mai tsanani da raunin zoben dubura kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Duk wadda mahaifarta ta fito waje gaba ɗaya, a cire safar, a tsabtace kan na'ura, a duba ƙodojinta biyu, domin mahaifar tana jan bututun ƙoda ta lanƙwasa su, ƙoda ta yi ta kumbura ba tare da ciwo ba. A leƙa cikin ma, ko akwai ƙari ko ruwa da ke danno kayan ciki ƙasa.

A takardar sakamako a rubuta ragowar fitsari, matsayin wuyan mafitsara a hutu da a yunƙuri, iyakar saukar mafitsara da bakin mahaifa da ƙarshen hanji a milimita tare da faɗin sama ko ƙasa da layi, yanayin zoben dubura, da halin ƙoda. A kuma rubuta ko a kwance aka yi ko a tsaye, da ko yunƙurin ya yi kyau. Idan ta kasa yunƙurawa yadda ya kamata, a faɗi haka ƙarara maimakon a rubuta cewa ba a ga komai ba, don likitan da zai karanta zai ɗauka lafiyarta ƙalau ya sallame ta.

Bayan kowace mace a zare safar ta kifu ciki, a goge jel da tsumma mai laushi, a wanke kan na'ura da ruwa da sabulu, sannan a bi shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin wanda kamfanin na'urar ya amince da shi, har tsawon mintunan da aka rubuta a jikin kwalbar. Safa tana iya hujewa ba a sani ba, saboda haka ba ta ɗauke wannan wanki. Sifirit da bilic mai ƙarfi suna tsattsaga fatar kan na'ura a hankali, kuma kada a tsoma shi a ruwa har ya kai inda wayar ta shiga. Lokacin hunturu a rufe shi a akwatinsa da an gama, ƙurar da ta kwanta a fuskarsa tana karce ta idan aka zo gogewa.